Kifin ƙasan teku: zai sauƙaƙa mana abincin tarwada ko kuwa?

Habu Mai Tarwada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar na kwashe tarwadata, kududdufi biyu, bayan wata biyar ina ɗawainiya da su. Da na zauna da biro da takarda bayan la'asar, sai na ga abinci kaɗai ya cinye kusan kashi 70 cikin 100 na abin da na kashe. Da na biya yaron da ke canza min ruwa, na cire kuɗin man janareta, abin da ya rage bai isa in sayi 'ya'yan kifin zubi na gaba ba, sai na ƙara daga aljihu. Duk wanda na tambaya dalilin tsadar buhun nan mai kilo 15, amsa ɗaya ce: garin kifin da ake sakawa a ciki daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa.

To jiya ƙanena da ke jami'a ya ce min akwai wasu ƙananan kifaye can ƙasan teku, inda hasken rana ba ya kaiwa sosai, wai yawansu ya ninka abin da duniya ke kamawa a shekara sau ɗari, kuma babu mai taɓa su. Na kwana ina juya maganar. In haka ne, me ya hana a kamo su a niƙa a yi mana abincin kifi da na kaji? Najeriya fa tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853. Masu ilimi a taimaka mana.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Ciwonmu ɗaya. Ni kajin gidan gona nake kiwo, na daina saka garin kifi a haɗina tun bara saboda tsada, kuma wanda nake samu a kasuwa in ka murza shi a tafin hannu sai ka ji yashi. Ina jiran amsar nan ni ma.

Dakta Rabi:
Malam Habu, ƙanenka bai yi ƙarya ba, amma maganar tana da sauran jela.

Teku hawa-hawa ne. Daga sama zuwa zurfin mita 200 nan ne rana ke haskawa, nan ne kuma ake kama mafi yawan kifin da muke ci. Daga mita 200 zuwa 1,000 wuri ne mai duhu-duhu kamar bayan magariba, ga sanyi. A nan kifayen da yake magana suke. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda za mu iya kira kifin fitila, saboda yana da wasu ɗige-ɗige a ciki da gefe masu ba da haske. Nau'insa ya kai kusan 250, yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ruwan Amurka da ke neman jiragen ƙarƙashin ruwa da na'urar amsa-kuwwa sun riƙa ganin kamar ƙasan teku a wurin da ba ƙasa. Abin mamakin, da dare sai wannan "ƙasar" ta taso sama, da asuba ta koma. Daga baya aka gane taron halittu ne, ciki har da waɗannan kifaye.

Batun yawa kuwa, a 1980 wani nazari da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta wallafa ya ƙiyasta su a kusan ton biliyan 1. A 2014 masana da suka yi aiki da bayanan balaguron Malaspina, wanda jirgin binciken Sifen ya zagaya duniya a 2010 zuwa 2011, suka ce a'a, abin ya kai biliyan 10 ko fiye. Duk abin da duniya ke kamawa daga teku a shekara kuwa yana wajen ton miliyan 80. To ka ga inda "sau ɗari" ta fito. Sai dai waɗanda suka sake lissafin daga baya sun samu adadi daga ƙasa da biliyan 2 har zuwa sama da biliyan 15. Wanda zai zuba jari a kan gonar da ba a san ko eka biyu ce ko eka goma sha biyar ba, ai ya kamata ya tsaya ya yi tunani.

Abba Injiniya:
Dakta, ko da biliyan 2 ɗin ne ai ya ishe mu. A kama kashi ɗaya cikin ɗari kawai, ton miliyan 20 ke nan, ya kai duk abin da duniya ke niƙawa yanzu don yin garin kifi. Gwamnati da kanta tana cewa buƙatarmu ta kifi ton miliyan 3.6 ce a shekara, abin da muke samarwa bai kai rabin haka ba. Muna zaune kan arziki muna shigo da kifin ƙanƙara. Kada mu zama kifin rijiya don Allah. A 2023 aka buɗe ma'aikata sukutum ta tattalin arzikin teku, in ba irin wannan za ta yi ba me za ta yi?

Dakta Rabi:
Abba, me ya sa lissafin ya sha bamban haka, ka sani? Dalili biyu. Na farko, in aka ja koma don a ƙirga su, suna jin motsinta su kauce, sai abin da ya shiga ya zama kaɗan. Kifi na ganinka mai jar koma, a zahiri ba a karin magana ba. Na biyu, in aka auna da amsa-kuwwa, na'urar tana jin iskar da ke cikin kifin ne, kuma akwai wasu halittu masu kama da majina waɗanda su ma suna da 'yar jakar iska, sai na'urar ta ƙirga su a matsayin kifi. Wannan matsalar da ta dami mai ƙirge, ita ce za ta dami mai kamu.

Ɗan Zango Tema:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne, amma na yi shekara tara a jirgin kamun tuna daga tashar Tema a nan Gana, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Abin da Dakta ta faɗa na tasowa da dare gaskiya ne. In kana ɗakin matuƙi bayan an yi magariba, za ka ga wani layi mai kauri a allon na'ura yana hawowa a hankali kamar hayaƙi. Kafin a kira asuba ya fara sauka. Kullum haka, ba fashi. Kuma idan muka farke cikin babban tuna, irin mai manyan idanun nan da ke nutso ƙasa, abin da muke tararwa a tumbinsa su ne waɗannan 'yan baƙaƙen kifayen da 'yan ƙananan dorinar ruwa. Na taɓa ɗaukar guda a hannu wanda bai narke ba. Idonsa ya kusa cinye rabin kansa, ga ɗigon nan a jere a cikinsa kamar an ɗinka masa maɓallai. Da na ɗan matsa shi da babban yatsa sai ya dagargaje, ɓawonsa ya manne min a hannu. Laushi gare shi ƙwarai. Irin wannan in ka tara shi ton goma a koma ɗaya ka jawo daga mita 300, na ƙasa kunu zai zama kafin ya iso bisa.

Sannan Abba, ka san man da jirgi ke sha? Komar da za ta riƙe kifi mai tsawon yatsa dole idonta ya zama ƙanana, bakinta kuma ya yi faɗi sosai tunda a warwatse suke. Jan irin wannan a cikin ruwa kamar ka ja bargo jiƙaƙƙe ne. Mu da muke kama tuna mai tsada, wani zubin kuɗin mai ke cinye tafiyar. To ina ga kifin da za a sayar a farashin abincin dabba?

Abba Injiniya:
Yaya, na ji, kuma gani ya kori ji. Amma wannan matsalar fasaha ce, fasaha kuma ana warware ta. A yi jirgin da zai niƙa shi a cikin teku nan take, ba sai an kawo shi gaɓa ba. Ai haka Nowe ke yi da 'yan jatan landen nan na tekun Antatika.

Dakta Rabi:
Haka ne, ana iya yi, kuma an gwada kamun ba sau ɗaya ba. Afirka ta Kudu ta kama wani nau'in kifin fitila a shekarun 1970 ta yi gari da shi. Tarayyar Sobiyet ta kama wani a kudancin Atlantika, wajen tsibirin South Georgia, a ƙarshen shekarun 1980. Tekun Oman na daga wuraren da suka fi cunkoson wannan kifi a duniya, jirgin binciken Nowe mai suna Dr. Fridtjof Nansen ya auna shi tun shekarun 1970, kuma Iran da Oman duk sun gwada. Ayisilan ta kama dubun-dubatar ton na wani ɗan'uwansa a 2009, cikin 'yan shekaru kamun ya ja baya aka bari. Nowe ta ba da lasisin gwaji, Tarayyar Turai ta zuba kuɗi a manyan ayyukan bincike biyu, MEESO da SUMMER, daga 2019. Waɗannan ƙasashe ne masu jirage da kuɗi da masana'antar da ke neman garin kifi ido rufe. Har yau babu inda abin ya zama babbar sana'a mai tsayawa da ƙafarta.

Ga wani abu kuma da ya shafi ci. Wasu nau'o'in suna tara wani irin kitse mai kama da kakin zuma wanda cikin mutum ba ya narkarwa, in aka ci da yawa sai gudawa. Kuma suna saurin ruɓewa, domin abin da ke narkar musu da abinci a ciki yana fara narkar da naman da zarar sun mutu. Shi ya sa masu magana a kansu suka fi ambaton gari da mai, ba miya ba.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
To ni 'yar kasuwa ce, shekara goma sha huɗu ina sayar da kifin ƙanƙara a Kano, katan-katan. Ina karanta ku tun ɗazu, na ce bari in sa baki. Kuna ta cewa kifin ƙasan teku kamar wani baƙo, alhali kuna cinsa. Panla fa? Wanda ke kawo min kaya daga Legas ya taɓa nuna min rubutun jikin katan, daga can arewacin Turai ake kamo shi, kuma ya ce a zurfi yake zama. Titus ta fi ƙarfin talaka yanzu, shawa ma ta hau, panla ce mai tuwo-tuwo da mai ɗan wake da uwar marayu ke iya saye. Mace za ta zo ta ce a yanka mata guda biyu gida huɗu-huɗu, don kowane yaro ya samu yanka. Ina kallon wannan kullum.

Dakta Rabi:
Hajiya kin kawo magana mai nauyi, Allah ya saka. Sunan panla ana kiran kifi fiye da ɗaya da shi, amma mai yawa daga cikin wanda ke shigowa shi ne wanda Turawa ke kira blue whiting. Ana kama shi yamma da Ayalan da kewayen tsibiran Faro, a zurfin mita 300 zuwa 500, kuma a shekaru da dama kamun yana wuce ton miliyan 1. Abin lura shi ne mafi yawansa niƙa shi ake yi a ciyar da kifin gona, musamman salmon. Wanda ya zo hannunki shi ne ɗan kason da aka daskarar. Wato mai tuwo-tuwon da kike magana tana takara ne da gonar salmon ta Turai a kan kifi ɗaya, ba ta ma sani ba. Ranar da farashin gari ya fi na daskararre riba, katan ɗinki zai ragu.

Issoufou Nuwadibu:
Salama alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan Maraɗi ne, shekara shida ina Nuwadibu cikin Muritaniya. Abin da Dakta ta ce na takara, nan ba labari ba ne, a hanci muke jinsa. Gidajen niƙa kifi sun cika bakin ruwa, mutanen nan moka suke ce musu. In iska ta juyo gari, wanki ma da ka shanya sai ya ɗauki warin. Na yi aikin dako a ɗaya daga cikinsu wata takwas. Kifin da muke zubawa cikin injin ba ruɓaɓɓe ba ne, ba ƙashi ko kai ba ne. Lafiyayyen yaboy ne, wani ƙaramin kifin teku mai sheƙi, irin wanda matan Senegal ke gasawa su busar har ya kai Mali da Burkina. Sai an zuba kilo huɗu zuwa biyar kafin a samu kilo ɗaya na gari. Ana ɗura shi a buhu a loda a kwantena, sai Chaina da Turkiyya da Turai. Ban taɓa ganin buhu ɗaya da aka rubuta wa Kano ko Maraɗi ba.

Akwai ranar da na tsaya da shebur a hannu ina kallon tulin, na tuna gidanmu inda ake jefa ɗan busasshen kifi guda a tukunyar miyar mutum goma sha biyu. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ba da daɗewa ba na bar aikin, kuma kuɗin watana na ƙarshe har yau ba a ba ni ba.

A 2021 ƙungiyar Greenpeace da wata abokiyar aikinta sun fitar da rahoto cewa sama da ton rabin miliyan na irin wannan kifi ake kwashewa daga gaɓar Afirka ta Yamma duk shekara don gari da mai, wanda zai iya ciyar da mutum miliyan 33. A Gambiya ma, garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong, mutane sun sha fitowa kan wannan.

To Malam Habu, tambayata gare ka: ko an kamo na ƙasan tekun, wa ya ce maka kududdufinka za a kawo wa?

Abba Injiniya:
Malam Issoufou, Allah ya bi maka haƙƙinka. Amma ka lura, maganarka hujjata ce. In aka samu kifin da mutum ba ya ci aka niƙa shi, ai an ƙyale yaboy ga mutane ke nan. Wannan shi ne amfanin kifin fitila.

Issoufou Nuwadibu:
In da mai injin zai ce na ƙoshi. Ni abin da na gani, in an samu sabon kifi ƙarin injin ake yi, ba a kashe tsohon. Kuma yaboy a bakin gaɓa yake, kwale-kwale ma na kamo shi. Wa zai bar na kusa mai arha ya tafi na nesa mai tsada in ba doka ce ta tilasta shi ba?

Habu Mai Tarwada:
Wannan tambayar ta zauna min a ƙirji. Ban taɓa tunanin abin da nake watsa wa tarwadata da safe ba, wataƙila daga bakin wani aka cire shi.

Jikan Baba, Yawuri:
Kakana ne ya ce in karanta masa abin da ake tattaunawa, ya saurara har ƙarshe, ya ce in rubuta muku wannan yadda ya faɗa:

"Ku gaida mutanen zaure. Ni ban taɓa ganin teku ba, amma a ruwa aka haife ni, ubana Basarke ne, ina saurayi aka tare Kwara aka yi dam ɗin Kainji a 1968. Da ruwan ya cika, 'yan mitsi-mitsin kifin nan suka yi yawa har muka ce ba za su taɓa ƙarewa ba. Da atalla muke ɗibarsu da dare, a shanya a rana, masu kaji su zo su saya buhu-buhu. Sai aka kawo taru mai ido kamar gidan sauro, ana ja daga bakin gaɓa. Ba ya barin komai. A cikin tulin za ka ga ɗan karfasa, ɗan ragon ruwa, ɗan giwan ruwa kamar ƙwayar kabewa, duk an shanya su a matsayin abincin kaji. Mun yi magana, aka ce tsufa ne. Yau a kawo min giwan ruwa irin wadda mutum biyu ke ɗauka da sanda in gani. Babban kifi ƙaramin yake ci. Wanda ya kwashe ƙaramin, babban ya kwashe, ko bai taɓa shi ba. Ɗan nan na Gana ya ce ya ga ƙananan a cikin tumbin manya. To ku tambayi masu son kamun, in sun ɗebe, shi babban me zai ci?"

Ɗan Zango Tema:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ke raina ke nan. Dubban mutane a Tema da Abijan da tuna suke ci da iyalinsu, daga ma'aikatan jirgi har matan da ke aikin gwangwani.

Abba Injiniya:
Ina girmama Baba, Allah ya ja kwana. Amma tafkin Kainji da tekun Atlantika ba ɗaya ba ne. Kuma na karanta yadda aka yi da kifin orange roughy, na san ana tsoron a maimaita, sai dai wannan daban ne.

Dakta Rabi:
A nan kana da gaskiya Abba, kuma ya kamata a bambance, domin kifin zurfi ba iri ɗaya ba ne. Orange roughy da aka fara kamawa a Niyu Zilan a ƙarshen shekarun 1970 yana rayuwa sama da shekara 100, ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara 20 zuwa 30. An ɗauka kifi ne kamar kowane, aka yi ta ɗiba a kan duwatsun ƙarƙashin teku inda yake taruwa, kafin a gane shekarunsa an riga an cinye mafi yawansa a wurare da dama. Kifin fitila ba haka yake ba, gajeren rai gare shi, na tekun Oman ma bai cika wuce shekara guda ba. Irin wannan yana saurin mayar da gurbi. Don haka tsoron ba na ƙarewarsa ba ne kawai.

Tsoron biyu ne. Ɗaya Baba ya riga ya faɗe shi fiye da yadda zan iya. Na biyun shi ne aikin da hawa da saukar nan tasu ke yi. Suna cin abinci a sama da dare, su sauka ƙasa da rana su yi numfashi su yi kashi a can, wasu su mutu a can. Ta haka suke sauke sinadarin kabon daga saman ruwa zuwa zurfi, inda zai daɗe bai dawo iska ba. Wannan kabon ɗin shi ne ke ɗumama duniya. Mu da muke ganin yadda damina ta rikice mana, ga zafi ga ambaliya, ba mu ne ya kamata mu yi gaggawar taɓa abin da ke rage shi ba tun ba a auna girman aikinsa ba. A 2016 Amurka ta hana buɗe sabon kamun irin waɗannan kifaye a gaɓarta ta yamma har sai an samu ilimin da ya isa. Ba don ba su da jirgi ba ne.

Ni ban ce kada a taɓa har abada ba. Muna da cibiyar binciken teku a Victoria Island a Legas, tana da jirgin bincike mai suna Bayagbona. A ba ta mai da kayan aiki ta auna abin da ke cikin mil 200 na ruwanmu, mu san namu da kanmu. Jiragen kamunmu yawancinsu jatan lande suke bi a ruwa mara zurfi. In ba mu auna ba, wata rana wani zai zo da jirginsa da lissafinsa, a sa masa hannu, mu kuma a bar mu da wari irin na Nuwadibu.

Malam Na Zaure:
Ta fuskar shari'a, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, babu saɓani a kan kifi ko daga wane zurfi ya fito. Sai dai halaccin abu bai ba da izinin ɓarna ba, kuma abin da likitoci suka tabbatar yana cutar da ciki a bar shi. Abin da ya fi tsaya min shi ne labarin Malam Issoufou. A ɗauke abincin mabuƙaci a ba dabba don a sayar wa mai wadata, wannan abin a ji tsoron Allah ne a kansa.

Maman Khalifa:
To Dakta, mu da kajinmu ke jiran abinci gobe da safe fa? Binciken jirgi ai ba yau ba.

Dakta Rabi:
Maman Khalifa, bari in fara da abin da ya same ku. A watan Yunin 2023 ƙasar Peru, wadda ta fi kowa fitar da garin kifi a duniya, ta soke zangon farko na kamun ɗan kifinta anchoveta saboda ɗumamar ruwa ta El Nino. A cikin wannan watan ne aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024, ga cire tallafin mai. Duka uku a kanku suka sauka lokaci ɗaya. Kifin fitila ko an kamo shi, a kasuwar duniya za a sa masa farashi, da dalar dai.

Abin da ke hannunku shi ne rage dogaro da garin. Tarwada ba salmon ba ce, tana cin kusan komai. 'Ya'yan ne ke buƙatar abinci mai ƙarfi a makonnin farko, a nan kada a yi rowa. In sun tasa, waken suya da aka gasa da kyau da ƙuli-ƙuli da garin jini suna ɗaukar kaso mai yawa, a cike gibin da sinadaran gina jiki na methionine da lysine da ake sayarwa a shagunan kayan kaji. Sannan ga tsutsar wani baƙin ƙuda da ake kira ƙudan soja, wadda busasshiyarta ke da furotin wajen kashi 40 cikin 100, cikin mako biyu take girma a kan dusa da ragowar kayan gwari. Kaji ma suna rububinta.

Abba Injiniya:
Tsutsa za ta taimaki mai kududdufi biyu, na yarda. Ba za ta cike gibin ton miliyan biyu da ɗoriya ba. Ni har yanzu ina kan bakana cewa arzikin teku sai mun shiga da kanmu, amma na karɓi maganar a fara aunawa, kuma a rubuta a doka cewa abin da aka kama a ruwanmu a nan za a fara sayar da shi.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Ni dai a bar min panla ta iso Kano a farashin da uwar marayu za ta iya. Kuma Malam Habu, kawuna da kayan cikin da muke zubarwa kullum a wajen yanka suna cika bokiti uku zuwa huɗu. In za su yi maka amfani ka turo yaro da yamma, ba sai ka biya ba.

Habu Mai Tarwada:
Hajiya na gode, Allah ya ƙara buɗi. Zan turo shi gobe in sha Allah. Dakta, dafa su zan fara yi kafin in ba su ko busarwa zan yi in niƙa? Kuma akwai wani fili a bayan kududdufaina da ke da inuwar darbejiya, ina ganin zai yi wa tsutsar nan. 'Yankaba ba ta da nisa da ni, ruɓaɓɓen tumatir da kabeji kyauta ake ɗiba. Wanda ya taɓa kiwonta a zauren nan ya taimaka min da yadda ake fara samun ƙwan.

Dakta Rabi:
Ka tafasa su sosai tukuna, ka tsane ruwan, sannan ka shanya a kan raga ba a ƙasa ba, saboda yashi da ƙuda. Kada ka zuba ɗanye a ruwa, zai ɓata maka shi cikin kwana ɗaya. Ka fara da kududdufi guda ka bar ɗayan a kan abincin da ka saba, ka riƙa auna kifi goma-goma daga kowanne duk mako biyu ka rubuta.

Maman Khalifa:
Malam Habu, maƙwabciyata tana kiwon tsutsar a tsofaffin robobin fenti. Zan karɓo maka ƙwan ranar Juma'a, ka tanadi dusa mai ɗan danshi da kwali da za ka yayyanka.